Jitar da Aka Bar wa Kawu

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma kowa zai koma. Kawu ya koma ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar, yana zaune a kan tabarmarsa, butarsa na gefe da sauran ruwan alwala a ciki. Kawuna ne, wan mahaifiyata, kuma surukina ne, don ɗansa na biyu nake aure. Shekara ashirin da ɗaya ina gidansa a Ƙofar Durbi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau ba.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, maza a waje ƙarƙashin bishiyar bedi, mata a tsakar gida. Ni ce mai kai ruwa da kwashe kwanuka, saboda haka kunnena ya ji na ciki, ya kuma tsinci na waje ta zaure. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya suka ce ba a taɓa jin wasiƙa ta ɓata a hannunsa ba. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi. Wata maƙwabciya ta tuna shekarar da rijiyarsu ta rufta, Kawu ya bar musu ƙofar baya a buɗe wata huɗu suna ɗibar ruwa. Duk gaskiya suka faɗa. Amma na kasa kunne kwana uku cur, ban ji wanda ya ambaci jita ba.

Mutum ɗaya ce ta ɗauko maganar. Ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu tun bayan rasuwar mahaifiyata. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Shi da abin kiɗin nan nashi, in la'asar ta yi..."

Wata daga cikin masu gaisuwa ta tare ta. "Gwaggo, addu'a yake buƙata yanzu."

Gwaggo ta ce, "Haka ne," ta ja mayafinta. Abin da ya sa na ɗauko ragowar littafina na makarantar yaƙi da jahilci ke nan na zauna rubutu. Rubutuna ba mai sauri ba ne, amma ba inda za ni.

Da aka dawo daga maƙabarta, Yaya, babban ɗansa, wan maigidana, ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin Kawu ya jefa makulli a aljihu. Ban ga laifinsa ba. Haka ake yi don kada zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Ya ce ba mai shiga sai bayan arba'in, in ƙaninsu da ke aiki a Fatakwal ya samu hutu, a zauna a raba gado gaban kowa. Sai dai ni na san abin da aka kulle a ciki. Jita na rataye a ƙusa, tsirkiyoyinta shida a ɗaure tamau, ga shi bedi ya fara fure.

Ɗakin Kawu rufin kwano ne, ba sili, kuma yamma yake kallo. In bazara ta kama, ko man shafawa ka bari a ciki sai ya narke. Tsirkiya kuwa ja take yi dare da rana. In zafi ya tausasa gam ɗin da ke riƙe da katako, ita ba ta san wannan ba, ja kawai take, har sai wani abu ya ɓalle. Don haka duk shekara, da ya ji ƙanshin furen bedi, Kawu kan sa a sassauta su, a bar jitar ta huta sai ruwan farko ya sauka. Ranar Litinin ya ɗaga hanci a tsakar gida ya ce min, "Kin ji? Jibi mu sassauta." Bai kai jibin ba.

Jita ce mai launin zuma. Tsirkiya uku na roba ne zalla, sirara, uku kuma masu kauri ne da aka naɗe da siririyar waya. A kanta akwai abin murɗawa guda shida, Kawu na ce musu kunnuwa. A cikinta akwai ɗan katako manne, inda ake ƙulla gindin kowace tsirkiya, shi kuma jaki yake ce masa, wai don shi ke ɗauke da kayan duka.

Lokacin da na zo gidan, Inna, matarsa, tana raye. Bayan la'asar sai ya tura ƙofa rabi, ya ɗora jitar a cinya, ya riƙa kaɗawa a hankali yadda ko na zaure ba zai ji sosai ba. Ba ya rera komai da baki. Inna kan zauna a bakin ƙofa da faifai tana tsintar wake. Kiɗa huɗu ya iya, in ya kai ƙarshen na huɗu ya koma na farko.

Inna ta ce, "Malam, shekara arba'in, kiɗa huɗu."

Ya ce, "Ke kau shekara arba'in miya nawa kika iya?"

"Ai ba ka taɓa maido kwano da saura ba."

"Ke ma ba ki taɓa tashi daga bakin ƙofar ba."

Ni ina madafa ina danne dariya, don a lokacin ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Bayan Inna ta rasu sai gidan ya yi faɗi. Maigidana direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya yi mako uku. Yara in sun fita makaranta da safe sai yamma. Daga ni sai Kawu, shi a ɗakinsa, ni a nawa, sai gaisuwa da kai abinci. Hannunsa ya fara rawa, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Wata rana da hantsi na kai masa koko, na iske shi da 'yan ƙananan ambulan na sababbin tsirkiyoyi guda shida a kan tabarma, ya kai ɗaya har bakin hancinsa yana juyawa. Shekarata ta biyu ke nan a ajin manya.

Ya ce, "Ke 'yar boko, zo ki hwaɗa mani. Wannan lamba nawa ce?"

Na durƙusa nesa kaɗan na miƙa wuya. "Huɗu ce, Kawu."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya yi ajiyar zuciya. "Shekara talatin ina karanta adireshin mutane, har na masu rubutu kamar tafiyar kaza. Yau lamba ɗaya ta gagare ni. To jera mani su, daga shida zuwa ɗaya."

Na jera. Ranar ce karatuna ya fara yi wa wani amfani a wajen aji. Na koma ɗaki ina jin kaina kamar wata malama.

Wannan jin kan ne ya ja min abin da ya faru shekarar da ta biyo. An yi wa Kawu aikin ido, daga asibiti aka wuce da shi gidan Gwaggo a Ƙofar Kaura don ta yi jinyarsa. Ruwan farko ya sauka yana can. Na ce a raina, bari in sa abin da zai fara gani da sabon idonsa ya zama abin farin ciki. Na sa hijabi na tafi shagon da na ji yana faɗa, bayan Babbar Kasuwa, inda ake sayar da lasifika da kayan sauti. Mai shagon ba ya nan, matarsa ce ke tsaro. Ta ɗauko min fakiti iri biyu. Ɗaya irin na Kawu ne, ɗaya kuma duka shidan ƙarfe ne, suna ƙyalli kamar sabon cokali. Na tambaye ta wanne ya fi ƙarko, ta ce ai ƙarfe ya fi roba. Ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban tambaye ta abin da ya kamata ba.

Na dawo na sa almakashi na yanke tsofaffin gaba ɗaya. Na bi lamba na zura sababbin, ko ɗaya ban saɓa ba. Na yi ta murɗa kunnuwa har sai da kowace ta yi ƙara ƙal. Na goge jikinta na mayar ƙusa.

Kwana biyu bayan nan, rana tsaka ina tuƙin tuwo, na ji wani abu ya fashe a ɗakin Kawu kamar an taka ƙwarya. Na shiga da muciya a hannu. Jaki ya ɓalle daga jikin jitar, yana lilo a jikin tsirkiyoyi, ya kuma ɗebo fatar katakon da ke ƙarƙashinsa.

Kawu ya dawo da baƙin tabarau a fuska. Ban ɓoye ba, don ba inda zan ɓoye. Na ajiye masa ita a gaba na durƙusa. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Kawu. So na yi in ka dawo..."

"Ta ƙarfe kika sa mata." Ya ja ɗaya da farce. "Kin san mi kika yi? Kayan raƙumi kika ɗora ma akuya. Wagga ba a gina ta don ƙarfe ba."

Na ce ya yafe min. Hawaye na zuba, ina jin kunyar zubarsu.

Ya ce, "Da tawa ce, wallahi da ban ce maki komi ba. Ba tawa ba ce. Tashi ki ba ni wuri."

Kwana goma sha ɗaya. In na gaishe shi ya ce "lahiya," shi ke nan. Yana cin abincina, yana turo kwano bakin ƙofa. La'asar ta yi, gidan tsit, sai kukan kurciya a kan katanga. Ban taɓa sanin cewa ina jiran kiɗan nan huɗu ba sai da suka ɗauke.

Ranar sha biyu ya kira kafinta. Aka kankare wurin, aka shafa gam, aka mayar da jaki. Kafinta ya ce ana son abu mai nauyi a danne. Sai na ji Kawu ya ɗaga murya: "'Yar boko! Kawo ɗan dutsen niƙan Innarku." Na kawo da gudu, har ina tuntuɓe. Da kafinta ya tafi, ya nuna min tabarma ya ce in zauna, ya ba ni labarin da na tabbata ko 'ya'yansa bai ba su ba.

Yana saurayi a gidan waya, tebur ɗaya suke da wani mutumin kudu. Shi ne mai jitar. In an tashi cin abinci sai ya koya wa Kawu, shi kuma Kawu ya koya masa cin fura ba tare da ya ɓata riga ba. Sun kai kiɗa na huɗu sai wata shekara ta zo da hankula suka tashi, mutanen kudu suka yi ta barin gari cikin gaggawa. Mutumin ya zo zauren gidan nan da sassafe da jitar naɗe cikin zanen matarsa. Mota ta cika, ba wurinta. Ya ce, "Riƙe min, in na dawo in karɓa."

Kawu ya ce, "Na rubuta mashi wasiƙa ta fi ashirin. Ni da ke raba ma gari wasiƙa, tawa ba ta samu amsa ba."

Na ce, "Kawu, to ba sai a naɗe ta a ajiye ba?"

"Jitar da ba a taɓawa mutuwa take. In ya dawo, ko ɗiyanshi suka zo, gawa zan miƙa masu?" Ya ɗaga ta ya karkata ramin cikinta wajen haske. "Leƙa. Karanta."

Can ciki akwai 'yar takarda manne, da rubutun Kawu na ƙuruciya, suna da sunan gari. Na haɗa baƙaƙen a hankali na karanta. Sunan ya yi wa harshena nauyi, Kawu ya gyara min sau biyu. Ban rubuta shi a nan ba, don ba ni da izinin mai shi.

Tsirkiyoyin ƙarfen nan bai zubar ba. A lokacin ina yin sabulu ina sayarwa, da wuƙa nake yankawa, kullum a karkace. Bayan mako guda kafinta ya kawo wani ɗan katako mai baki biyu, an ja siririyar tsirkiyar a tsakani. Kawu ya ce, "Gwada." Na danna a kan sabulu, ta wuce sumul, gefen ya fito santsi kamar na kanti. Ya ce, "Kin gani, ba mugun abu kika sayo ba. Gidan da kika kai shi ne ba nashi ba." Har yau da ita nake yanka.

Daga wannan shekarar, aikin canza tsirkiya ya dawo hannuna. Da ruwan farko ya sauka mukan hau napep mu tafi shagon tare. Mai shagon, wani mutumin kudu da Hausa ta zauna a bakinsa, da ya hango mu sai ya dafe kai. "Baba ya zo! Yau ba zan yi ciniki ba." Kawu ba ya karɓar fakitin da aka rataye a bakin ƙofa, ya ce rana ta riga ta cinye shi. Sai na ƙasan kwali. Ya buɗe, ya rufe ido, ya ja kowace tsirkiya tsakanin yatsu biyu daga farko har ƙarshe. In ya ji ƙulli ko kaushi, ya ajiye. Ni kuma aikina in duba launi: in robar ta fara ja kamar tsohon haƙori, ko wayar masu kaurin ta yi ɗigon baƙi, in ce masa a'a.

Mai shago ya ce, "Baba, a garin nan kai kaɗai ke sayen irin wannan, kai kaɗai ke wahalar da ni."

"To ka gode Allah da ba mu biyu ba ne."

A hanya yakan ba ni labarin shekarun da ba a samu ko ɗaya a gari. Igiyar fatsa yake nema wurin masunta, kauri uku, ya sa a madadin siraran. Masu kaurin kuwa ya dafa su da lemun tsami, dattin yatsa ya fita, su ƙara shekara. Inna ta taɓa iske su a tukunyarta ta shayi, aka yi kwana biyu ana shari'a.

Wajen canzawa dokarsa ɗaya ce: ba a cire duka a lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri. Ya ce in ka tuɓe ta gaba ɗaya wuyanta na firgita, kuma sabuwa wurin maƙwabciyarta take koyon inda za ta tsaya. Ni ke zura ta a ramin jaki, in naɗe ta a kanta sau biyu, sirara sau uku don suna da santsi, in kai ɗaya bakin ga kunne. Sannan in fara murɗawa, shi kuma ya sa babban yatsa yana taɓa ta, kansa a sunkuye.

"Ƙara. Ƙara. Kaɗan. Ya isa."

Shekara tara muna haka, ban taɓa gane me yake ji ba. A kunnena, kafin "ya isa" da bayansa duk ɗaya ne. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya ce, "Kunnenki na tukunya ne. Kina jin tafasa daga zaure, amma wannan ta wuce ki." Sabuwar roba kuma miƙewa take yi, sai an yi kwana uku ana ƙara mata kafin ta zauna. Kwana ukun nan su ne na fi so a duk shekara, don kowace la'asar sai an kira ni.

Yaya bai taɓa son jitar ba. Mutum ne mai karatu da tsare kai, kuma yana ganin abin zai ja wa mahaifinsa magana. Sau ɗaya na ji ya faɗa, a tsakar gida, da ladabi. "Baba, shekarunka sun wuce wannan abin."

Kawu ya ce, "Shekaruna sun wuce ƙashin kaza ma, ban bari ba. Ka taɓa jin ta ana kiran salla?"

Yaya ya ce a'a, ya sa takalmi ya fita. Na tambayi Kawu me ya hana ya gaya masa gaskiyar maganar. Ya ce, "Bai tambaye ni ba. Hukunci ya kawo." Nan kam na ga taurin kan Kawu, kuma na gaya masa a hankali. Ya ce in je in duba tukunyata.

To, ga shi yanzu an kulle. Masu gaisuwa suka watse, maigidana ya koma hanya bayan addu'ar bakwai. Kafin ya tafi na yi masa maganar, ya ce, "Ki bari don Allah, kin san Yaya. Kada a ce matata ta fara leƙen kayan gado." Na bari. Amma kullum da azahar sai in je in dafa bangon ɗakin, in ji shi kamar gefen murhu. Furen bedi na ta zuba a ƙofar gida, ina sharewa.

Rana ta goma sha biyu da rasuwarsa, ina yankan sabulu a inuwa, na ji "tas" daga ciki. Ƙara ce ƙarama, wani ba zai kula ba. Na san ta huɗu ce, ita ke fara tsinkewa kullum. Na kuma san wurin da zai bi baya, don ni na yi masa rauni da hannuna.

Ranar Juma'a Yaya ya biyo daga masallaci ya duba mu, Gwaggo ma tana nan ta kwana biyu. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa roƙonsa komai ba. Na kawo masa ruwa, na durƙusa, muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi mutanen gidansa, muka yi wa juna ya ƙarin haƙuri. Ya miƙe zai tafi, na ce, "Yaya, ina da magana."

"Ina jinki."

"Ɗakin Kawu nake so a buɗe min. Ba zan fito da komai ba, kana tsaye."

Fuskarsa ta canza. "Kin san kayan magada ne. Ko ni ban da ikon taɓawa."

"Akwai abu ɗaya a ciki da ba na magada ba ne."

Na faɗa masa duka: mutumin kudu, zanen matarsa, wasiƙun da ba amsa, zafi da abin da yake yi wa gam. Na faɗa masa har ɓarnar da na yi. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Wa ya san wannan bayan ke?"

Gwaggo ta ce daga kan tabarma, "Ni. Ni na amsa sallamar mutumin, ina budurwa. Dogo ne, da wushirya. Shina kuka, yayana shina kuka, ni kau ina mamakin maza. Zanen ma shina nan cikin adakar uwarku, ba ta taɓa ɗaura shi ba."

Yaya ya ce, "Bai taɓa gaya min ba."

Gwaggo ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Yaya ya dubi ƙofar ɗakin Kawu. Ya sa hannu a aljihu.

Da ƙofar ta buɗe zafi ya doke mu, tare da ƙanshin turarensa da man zafin da yake shafa wa gwiwa. Hularsa na kan matashi inda ya bar ta. Jitar na ƙusa, ta huɗu ta tsinke ta nannaɗe. Na sauke ta na duba jaki. Gefe ɗaya ya fara ɗagawa, daidai tsohon tabon, har farce na iya shiga. Da an kai arba'in, da ba abin da za a iske.

Na zauna a ƙasa na fara da mai kauri, ina mayar da kunne baya a hankali. Katakon ya yi 'yar ƙara kamar mutum ya sauke kaya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, daidai inda Inna ke zama. Da na gama ya shigo, ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa ramin. Na ga leɓensa na motsi yana karanta rubutun mahaifinsa. Ya daɗe a sunkuye, fiye da yadda suna ɗaya ke buƙata.

Ya ce, "Amanar ta dawo wuyanmu ke nan." Ya share fuska da hannun riga. "Me ake yi mata?"

Na ce a kira kafinta ya danne gefen, in ruwa ya sauka a canza tsirkiya.

"Kin iya?"

"Na iya zaɓa, na iya sawa. Inda ake tsayawa ne ban sani ba."

Ya ce in kai ta ɗakina, zai gaya wa 'yan'uwa da bakinsa, zai kuma ba na Fatakwal sunan garin ya bincika. Ya mayar da kwaɗo. Har yau binciken bai kawo komai ba.

Ruwan farko ya sauka makon jiya. Na tafi shagon ni kaɗai. Mai shago ya leƙa bayana yana murmushi, ya ce, "Ina Baba?" Na gaya masa. Ya zauna a kan lasifika, sannan ya tashi da kansa ya zaro min na ƙasan kwali. Na rufe ido na ja su tsakanin yatsuna. Ya ce yanzu akwai abin da ake sawa a waya, ya nuna maka inda tsirkiya za ta tsaya. Babbar 'yata ta ce za ta sa min in ta zo. Na ce to. Ban hana ba, ban kuma tuna mata ba.

Jiya bayan la'asar na tura ƙofata rabi. Na cire ta shida na zura sabuwa, na naɗe sau biyu, na kai ga kunne. Na murɗa, na ƙara, na ƙara kaɗan. Sai na ga hannuna ya tsaya da kansa yana jira. Kurciya na kuka a katanga, ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti. Na jira har na ji kunyar kaina. Daga nan na bar ta sako-sako, don gara ta yi shiru da in sake ɓalle ta. Haka na yi wa sauran biyar.

Allah ya sassauta wa Kawu kamar yadda ya riƙa sassauta wa abin da aka ba shi riƙo. Allah ya haɗa shi da Inna a inuwar da ba ta gushewa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya tuna da sahun farko da rijiya, ya kuma tuna da kiɗa huɗu.

In kuwa akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya taɓa aiki a gidan waya na Katsina, dogo mai wushirya, ya kuma taɓa ce muku ya bar jita a hannun wani aboki, to tana nan. Akwai tabo a cikinta, ni na yi shi, ba Kawu ba. Tsirkiyoyinta sababbi ne. Sai dai ku zo da mai kunne.